Tabarau Mai Neman Fili

Su biyar ne a gidan, a hawa na huɗu na wani tsohon bene: Baba, da Umma, da Kaka mahaifiyar Baba, da Auta mai rarrafe, sai yarinyar da kowa ke kira Takwara saboda sunan Kaka aka sa mata. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba, ba a kuma taɓa koro Takwara daga makaranta ba. Fili suka rasa. Ɗaki biyu gare su. Na ciki gadon Baba da Umma ya cinye shi, har ƙofar ba ta buɗuwa sai rabi. Na waje kuwa shi ne falo, shi ne wurin cin abinci, shi ne shagon ɗinkin Umma, kuma a nan gadon ƙarfen Kaka yake a jikin taga, inda ita da Takwara suke kwana. Wanda zai je ɗauko ruwa a firji sai ya bi a karkace, ya ce wa mutum biyu su janye ƙafa.

Kaka tana da wata magana da takan yi duk lokacin da aka yi tuntuɓe da takalminta: "Ranar da na zama kaya a gidan nan ku faɗa mini, in koma wurin gwaggonku." Manya sukan yi dariya. Takwara ba ta dariya. Gidan Gwaggo yana can ƙarshen gari, sai an hau mota biyu, kuma ta san halin Kaka, ba ta faɗin magana ta janye. Babu abin da yarinyar take tsoro kamar ta dawo daga makaranta ta tarar da gadon nan babu mai shi.

Baba yana aiki a wani babban kantin kayan lantarki, amma a sito, can baya, inda ake ɗaga kwalaye daga safe har yamma. Bayansa ya fara ba shi wahala. To, kantin ya kawo wani sabon tabarau mai tsada, kuma saurayin da ke nuna wa masu saye shi ya ajiye aikin, wai jiri yake sa shi. Manaja ya ce Baba ya tafi da na gwajin gida, ya koyi sarrafa shi Asabar da Lahadi. In ya iya ranar Litinin, ya bar sito ya dawo gaban kanti.

Da safiyar Asabar Baba ya wanke hannu har sau biyu, ya ɗora farin kwalin a kan teburin cin abinci, ya buɗe. Abin ya yi kama da gilashin masu walda, sai dai sumul yake, baƙi wuluk, da maɗauri mai kauri da ke zagaya ƙeya. Wata igiya ta fito daga gefensa zuwa wani batir mai girman sabulun wanki.

"In ka saka shi," in ji Baba, "kana ganin ɗakin da kake ciki yadda yake, amma sai ya ƙara maka abin da babu. Ka ga allo ya tsaya a iska, ko kifi yana iyo a kan kujera, ko ɗan'uwanka na wata ƙasa zaune kusa da kai. Da ido kake zaɓa, da yatsa kake taɓawa."

"Nawa ne?" in ji Umma, ba ta ɗago daga keken ɗinki ba.

Baba ya faɗa a hankali. Keken ya tsaya.

"Maigida, kuɗin tabarau na tambaya, ban tambayi na mota ba."

"Ai shi na faɗa miki."

"Mutum nawa suka saya?"

Baba ya sosa ƙeya. "Suna zuwa sosai. Su saka, a ɗauke su hoto, su tambayi kuɗi." Ya gyara zaman kwalin. "Sai su ce za su dawo. Amma manaja ya ce nan da 'yan shekaru babu gidan da za a shiga ba a gan shi ba. Haka aka yi wa waya da farko."

"Waya tana shiga aljihu," in ji Kaka daga kan gadonta. "Wannan kwanon da za ka kifa a fuska fa, ina za a sa shi? Takwara, zo ki ga ubanki zai koma ƙwaro."

Baba ya saka. Maɗaurin ya matse masa kunne, ya sassauta, abin ya zamo kan hanci, ya sake matsewa. Rigarsa ta gida ba ta da aljihu, don haka aka ba Takwara batirin ta riƙe, ta riƙa bin sa a baya kamar mai jan akuya, sai dai a nan akuyar ce ke gaba. Tabarau ya auna idonsa, ya auna tafin hannunsa, Baba yana ta "Madalla, madalla." Can sai ya tsaya cak.

"Me ya faru?" in ji Umma.

"Wai yana son fili."

"Filin me?"

"Wurin da babu komai. Ya ce in miƙe hannu in juya, kada in taɓa wani abu. Sai ya zana iyaka a ƙasa, sannan ya buɗe sauran."

Umma ta dubi ɗakin, ta dubi mijinta. "To ka gaya masa mu ma shi muke nema tun kafin a haifi Takwara."

Baba ya miƙe hannu ya juya. Hannun dama ya bugi fitilar keken ɗinki, na hagu ya kwashe hular Auta daga kan igiyar shanya. Ya ja tsaki ya cire tabarau, sai ga wani zobe ya kwanta masa a fuska daga goshi zuwa kumatu. Kaka ta yi dariya har da tari.

Haka aka fara fitar da kaya. Teburin cin abinci ya fita baranda da ƙafafunsa a sama. Kujeru biyu suka bi shi. Aka fitar da kwandon yadi, da akwatin littattafan Takwara, da fanka mai tsaye. Maƙwabcinsu direban bas ya leƙo ya tambaya ko tashi za su yi, don ƙanensa yana neman ɗaki. Baba ya ce a'a, ilimi ake nema. Direban ya ce to ilimin ya bar masa hanyar wucewa.

Baba ya sake sakawa. Ya fara juyawa a hankali, Takwara tana zagaya shi da batir don kada igiyar ta naɗe shi. Saura kaɗan layin ya haɗe, sai Auta ya rarrafo ya kama ƙafar wandonsa ya miƙe.

"Ya goge! Duk ya goge! Wa ya saki yaron nan?"

"Wa ya ɗaure shi da za a sake shi?" in ji Umma. "Gidansu ne."

Aka kai Auta ɗakin ciki, ya yi ta kuka a bayan ƙofar da ba ta rufuwa sosai. Baba ya sake farawa. Wannan karon tabarau ya ce keken ɗinki ya yi kusa. Umma ta ce akwai rigunan makaranta na mutane da za ta gama kafin Litinin, keken ba ya zuwa ko'ina. Suka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tura shi bakin ƙofar kicin, inda duk mai shiga sai ya tsallaka feda. Baba ya saka a karo na ban san nawa ba, ya miƙe hannu, sai batirin ya yi ɗumi a hannun Takwara, ya yi ƙara sau ɗaya, ya mutu.

"Har ya ƙare?" in ji Umma. "Da kuɗin mota?"

"Haka aka yi shi, don kada ya yi nauyi."

"Ka duba fuskarka a madubi ka sake faɗin bai yi nauyi ba."

Ranar suka ci abincin rana a ƙasa, kowa da faranti a cinya. Da yamma aka shigo da kayan duka, saboda mai kula da benen ya hana a bar komai a baranda ya kwana.

Lahadi da safe aka sake fitar da su. Yanzu kowa ya san abin da zai ɗauka, babu mai yi wa wani magana. Baba yana ɗaga teburi yana cije leɓe saboda bayansa. Takwara ta lura da haka, ta kuma lura cewa ya daina cewa madalla. Aka gama, ɗakin ya zama wani iri, har murya tana amsawa a cikinsa. Abu ɗaya ya rage, gadon Kaka a jikin taga, da Kaka a kansa tana tsefe zaren wata tsohuwar rigar sanyi.

Baba ya saka, ya miƙe hannu, ya juya. Ya tsaya yana fuskantar taga. Ya koma baya ya sake juyawa. Ya sake tsayawa a wurin.

"Kai, wannan abu! Inna, ɗan ɗaga hannunki."

"Don me?"

"Ya zana miki jan akwati. Ya haɗa ki da gadon, wai duk kujera ce guda. Ki motsa ya gane mutum ce."

Kaka ta ɗaga hannu ta kaɗa wa kwanon da ke fuskar ɗanta. "Sannu, ni ce uwarsa."

"Bai gane ba. Yana cewa a kawar da abin da ya tare wuri." Baba ya fizge tabarau daga kansa, gumi yana bin zoben da ke fuskarsa. "Gobe ne fa Litinin! Ko buɗe shi ban yi ba. Taku ɗaya ya rage mini, taku ɗaya tak, kuma gadon nan ne. Inna, don Allah, da za ki je wurin gwaggon yara ki kwana biyu, a jingine gadon a waje, da tuni na gama."

Umma ta ce, "Maigida!" Amma maganar ta riga ta fita.

Kaka ta naɗe zarenta tsaf, ta sunkuya ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado. Ta sa zannuwanta, da maganin gwiwa, da kofin da ba ta shan shayi sai a cikinsa. Da Takwara ta ga kofin ya shiga jaka, sai ta san da gaske Kaka take. Mai kwana biyu ba ya tafiya da kofi.

"Inna, ba haka nake nufi ba," in ji Baba.

"Na ji abin da kake nufi. Injinka ma ya faɗa, kai ka fassara. Takwara, kira mini gwaggonki ta turo tasi."

"Kaka, ni ba zan kira ba."

"To ba ni wayar, ai ban manta lamba ba."

Umma ta roƙa, ta riƙe jakar, Kaka ta zare hannunta a hankali ta ce da ita babu ruwanta, ita 'yar kirki ce. Ta yafa mayafi ta ratsa ta tsakanin teburi da fanka a baranda. Baba ya tsaya da tabarau a hannu. "Ku ƙyale ta," ya ce da ƙaramar murya. "Fushi ne. Kafin ta kai ƙasa ta huce."

Lif ɗin benen ya daɗe da mutuwa, kuma gwiwoyin Kaka ba sa son matakala. Rabonta da sauka tun ranar da aka kai ta asibiti. Takwara ta ɗauki jakar ta bi ta. Kaka tana sauke ƙafa ɗaya, ta kawo ɗayar kusa da ita, ta huta, hannunta a kan ƙarfen riƙewa. A kowane dandamali tsakanin hawa da hawa sai ta zauna a kan jakar ta yi numfashi.

"Kaka, ki yi haƙuri. Bayansa ne ke ciwo."

"Ni na goya bayan nan, na san shi."

"To wa zai riƙa tashe ni da safe?"

"Agogo. Ko ku sayi wani kwanon ya tashe ki."

"Wa zan riƙa ɗora wa ƙafa?"

"Ƙafarki mai sanyi kamar ta kwaɗo? Na huta." Kaka ta kau da kai, ta gyara mayafi. "Tashi mu je, kada mai tasi ya yi ta jira."

Da suka kai dandamalin hawa na biyu Kaka ta zauna, wannan karon ta daɗe ba ta tashi ba. Takwara ta ce tana zuwa, ta haura da gudu.

Ta tarar da gadon a baranda, an jingine shi a tsaye, katifar a naɗe a gefe. A cikin ɗaki Baba yana tsakiyar fili, batir a soke a ƙugun wandonsa, yana mintsinin iska da yatsu biyu yana dariya shi kaɗai. Umma tana bakin kicin da Auta a kafaɗa, ta haɗe rai.

"Ya buɗe!" in ji Baba da ya ji motsinta. "Mamana, zo ki gani. Zo, minti ɗaya kawai."

Kafin ta yi magana ya kifa mata shi. Ya yi mata yawa, sai da ta tallafe shi da hannu biyu, kuma da yake idon Baba ya auna, komai ya ɗan yi mata hazo-hazo. Duk da haka ta gani. Ga bangonsu, ga tagarsu, ga tabon da ruwa ya yi a silin. Amma ɗakin ya cika da ruwa mai haske, ƙananan kifaye masu ruwan zinariya suna wucewa ta gaban hancinta. Wani ƙaton kunkuru ya taso daga ƙasa a hankali, ya je jikin taga ya tsaya yana lilo. Abin yana da kyau ƙwarai, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta sunkuyar da kai, sai ta ga a ƙarƙashin kunkurun akwai tabo huɗu a kan leda, inda ƙafafun gado suka lotsa ta.

Ta cire ta miƙa masa.

"Yaya kika gani?"

"Yana da kyau, Baba. Kunkurun yana wurin filon Kaka." Ta nuna ƙofa. "Ta kai hawa na biyu. Ta tafi da kofinta."

"Da kofin?"

"Da maganin gwiwa duka, har wanda ba a buɗe ba."

Baba ya dubi Umma. Umma ta ce, "Ni kada ka dube ni. In ta shiga tasin nan, kai ka san sai dai mu riƙa kai mata ziyara."

Ya ajiye tabarau a cikin kwalinsa, ko rufewa bai yi ba, ya sauka babu takalmi. Takwara ta bi shi. Suka sami Kaka ta miƙe tana shirin kama ƙarfe. Daga ƙasa ana jin mai tasi yana danna oda. Baba ya sha gabanta ya durƙusa a kan matakala, bayansa ya amsa, ya yi ƙara.

"Inna, na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Matsa, ka tare wuri," in ji Kaka. "Ko in zana maka jan akwati?"

"Zana mini, na cancanta. Amma ki dawo."

"In dawo in zauna ina? Na ji ƙarar gadona ana jan sa tun ina hawa na uku. Ko jira ba ka yi in fita daga benen ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Mai tasi ya sake danna oda, ya daɗe bai saki ba. Kaka ta tsaya tana kallon zoben da ke fuskar ɗanta, wanda yanzu ya yi zurfi kamar an ɗaure shi da igiya.

"Dubi yadda ya mayar da kai," ta ce. "Wannan za ka riƙa sakawa kullum?"

"In na samu aikin."

"Kwalaye su karya baya, wannan ya karya wuya. Allah ya kyauta." Ta koma ta zauna a kan jakar. "Ba na hawa ko taki ɗaya sai gadona ya koma inda yake. Ƙafa huɗu a ramukansu huɗu. Takwara za ta duba ta zo ta gaya mini, don kai ban yarda da idonka ba yau. Kuma ka sauka ka sallami mutumin nan kafin ya tara mana jama'a."

Baba ya sauka ya ba mai tasi haƙuri, ya sha faɗa. Ya hau ya kira direban bas, suka shigar da gadon, direban yana tambaya ko ilimin ya ƙare ke nan. Takwara ta durƙusa ta daidaita kowace ƙafa a kan tabonta, ta shimfiɗa katifa, ta sa filo, sannan ta sauka ta ba da rahoto. Hawan ya fi saukar wuya. Baba yana riƙe da hannu ɗaya, Takwara da ɗaya, Kaka tana yi musu faɗa a kowane taki, wai ɗaya yana sauri ɗaya yana jan ƙafa.

Da ta zauna a gadonta ta ciro kofin ta miƙa wa Umma, sai Baba ya tuna da dandamalin da suka baro. Fili ne murabba'i, babu teburi, babu keke. Ya ɗauki tabarau ya sauka da murna, Takwara tana biye da batir. Ya saka, ya miƙe hannu, ya juya bai taɓa komai ba. Sai ya tsaya.

"Me kuma ya ce, Baba?"

"Wai wurin ya yi duhu." Ya zauna a kan matakala ya dafe kai. "Gobe zan je kanti da sassafe, in roƙi mai gadi ya buɗe mini kafin manaja ya zo. Can akwai fili, akwai fitilu. Abin da na koya na koya."

Suka hau tare. A baranda teburi yana nan da ƙafafu a sama yana jiran a shigar da shi, daga ciki kuma ana jin Kaka tana tambayar wa ya taɓa mata zare. Takwara ta ɗauki kujera ɗaya ta bi a karkace. A ranar ta gane cewa waɗanda suka ƙera tabarau ɗin suna da ɗakin da babu kowa a cikinsa, kuma ko kyauta aka ba su shi, ba zai yi aiki a gidansu ba sai an fitar da mutum ɗaya.